Kafin Shamuwa Ta Sauka: Nasiha Ga Matasan Birnin Zariya Masu Kallon Tsuntsaye

 

'Ya'yana da jikokina na cikin birnin Zariya,

Na lura wasu daga cikinku sun ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Sai a ga yaro ya tsaya a gindin bishiya, ya ɗaga waya sama, ya yi tsit, wai hoton tsuntsu yake nema. Akwai manyan da ke ganin wannan zaman kashe wando ne. Ni kam abin ya faranta mini rai, domin hannun da ya ajiye danƙo ya ɗauki kyamara ya samu ci gaba. Sai dai kowane aiki da ladabinsa, kuma wanda ya shiga abu bai san ladabinsa ba yakan ɓata fiye da abin da ya gyara. Shi ya sa nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Maganata duka a kan abu ɗaya take: zaman lafiyar tsuntsun shi ne gaba, hoton yana biye. In kun riƙe wannan, sauran zai zo muku da sauƙi.

Ku fara da sanin lokaci. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, hunturu ya naɗe tabarmarsa, zafin bazara ya kankama. Ƙwanson rimi ya fashe, audugarsa na yawo a iska tana maƙalewa a jikin katangu. Ɗorawa ta rataya jajayen furanninta, mangwaro ya fara nuna. Ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa ba su gama sa sabon ganye ba, saboda haka tsuntsu ba shi da maɓoya sosai. Kududdufai sun janye sai ɗan taɓo, dole masu ƙishirwa su taru a inda ruwa ya saura. Babu lokacin da ya fi wannan sauƙi ga mai koyo.

A wannan tsakanin ƙasarmu takan zama zango, wasu baƙi na ɗaure kaya, wasu na kan hanyar isowa. Ku dubi tsattsewar nan mai jan maƙogwaro da doguwar wutsiya mai reshe biyu, da ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu a fadamar Galma yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Waɗannan ba a nan suke ƙyanƙyasa ba. Sanyin Turai suka gudo, suka yi watanni tare da mu. A Maris da Afrilu za ku ga irin waɗannan ƙananan baƙi ba su da aiki sai ci. Guzuri suke yi. Akwai wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma zai tara kitse har ya kusa ninka nauyin nasa, domin hamadar Sahara ce a gabansa, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, ba rijiya, ba inuwar kirki. Idan tsattsewa ta isa Ingila ko Jamus, mutanen can murna suke yi, sun san sanyi ya wuce. Wadda ka gani yau a kan wayar lantarki a Ƙofar Doka, bayan 'yan makonni wani yaro zai iya ganinta a bayan gidansu a Turai. Saboda haka in ka ga irin wannan baƙo yana kiwo, kada ka tashe shi don ka ɗauki hotonsa a sama. Kowane firgici yana rage masa guzurin hanya.

Su suna tafiya, shamuwa na isowa. Manoma ba sa bukatar a gaya musu ma'anar zuwanta: a gyara garma, a fito da iri, damina ta ƙarato. Ita kuma daga kudu take tahowa, daga ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu, inda ta bi ruwan sama da fara. A nan wajenmu take yin sheƙa, a kan manyan itatuwan cikin gari, kusa da mutane, ba tsoro. Me ya ba ta wannan amincin? Iyaye da kakanni ne suka hana a jefe ta, shekara da shekaru, har ta san gari gida ne. In Allah Ya sa ta sauka a unguwarku, ku dube ta da kyau. Bayanta baƙi ne mai sheƙi, cikinta fari fat, fuskarta da shuɗi da ɗan ja a gaban ido, gwiwoyinta da yatsunta jajaye. Mutane da yawa sun tsufa suna ganin shamuwa ba su taɓa lura da shuɗin fuskarta ba. Wannan shi ne bambancin gani da kallo.

Kada ku ce sai kun je daji. Makarantar farko tana tsakar gidanku. Ku nemi kasko ko tsohon faranti mara zurfi, ku zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa, ku sa dutse ɗaya a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Ku ajiye shi a inuwa, kusa da wata 'yar bishiya da za su iya gudu su fake, nesa da lungun da kyanwa ke laɓewa. Kullum a zubar da na jiya, a wanke, a sake sabo, don kada sauro ya samu wurin haihuwa, kada kuma cuta ta yaɗu a tsakaninsu. Sai ku watsa ɗan tsakin gero a gefe. Wannan aikin ko ba hoto yana da lada, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma aka sanar da mu akwai lada a kyautata wa kowane mai rai.

Da farko ba za su zo ba, kada ku gaji. Wata rana da hantsi sai ku ga baiwar Allah ta sauko, 'yar mitsitsiya, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Za ta tsaya a bakin kaskon, ta waiga dama da hagu, ta tsoma baki, sannan ta faɗa ciki ta girgiza fukafukai ruwa na fantsama. Kurciya za ta zo, kuma ku lura da shan ruwanta: takan nutsa baki ta zuƙa ba ɗagawa, alhali yawancin tsuntsaye sai sun ɗiba sun ɗaga kai ruwan ya gangara. Hasbiya za ta leƙo daga kan zanko da jan da'irar nan a idonta. Daga cikin mangwaro ko darbejiya kuma za ku ji cilakowa na ta kiranta mai tsini. Ku 'yan matana, wannan fagen naku ne. Wadda ke zaune a bakin ɗaki tana tsince shinkafa ko tana ɗinkin hula, tsuntsaye sun saba da ita, sukan matso kusa da ita fiye da yadda za su matso wa saurayin da ya yini yana bin su a rana.

Idan kun fita waje, ku fita da sassafe bayan sallar asuba da azkar, ko da la'asar sakaliya. Tsakar rana a bazara tsuntsu ma inuwa yake nema. Bakin tsohuwar ganuwa ta wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, gefen kududdufai, gindin cediya ko ɓaure mai 'ya'ya, gaɓar Kubanni, duk wurare ne masu albarka. Ku ajiye farar shadda mai ƙyalli a gida, ku sa tufa mai duhu-duhu. Ku rage hira, ku kashe ƙarar waya. A tunkari tsuntsu kamar yadda ake shiga zauren babban mutum: a tsaya daga nesa, a jira a ga ko an yi maraba, ba a faɗawa kai tsaye. Idan ya daina ci, ya miƙe wuya, ya zuba maka ido, to ka kai iyakarka. Ka tsaya cik, ko ka ja da baya taku biyu. Mafi kyau ma ka nemi wuri ka zauna, ka jingina da bishiya. Wanda ya zauna shiru na rabin sa'a yakan ga abin da mai yawo bai gani ba a wuni guda.

Kunne ma ido ne a wannan aikin. Kafin ka ga ragon maza cikin duhuwa, za ka ji kukansa mai zurfi yana gangarowa. Kafin ka ga suda, za ka ji zaƙin bakinta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ka riƙe kukan ka san mai shi ko da ganye ya rufe shi.

Yanzu ga batun hoto. Ba sai da kyamara mai tsada ba, wayar hannunku ma za ta yi, in an san iyakarta. Ku fara goge gilashin da tsumma mai laushi, domin ƙurar bazara ita ce ke dusashe rabin hotunanku. Da safe ka ba gabas baya, da yamma ka ba yamma baya, hasken ya faɗa kan tsuntsun. In ka ɗauke shi yana can ƙololuwar reshe, farin sama a bayansa, baƙin inuwa kawai za ka samu. Ka yi haƙuri ya sauko inda ganye ko jar katanga za ta zama bayansa. Ka taɓa jikinsa a fuskar wayar don ta daidaita a kansa, ka nemi idonsa ya fito sarai, domin ran hoton tsuntsu a ido yake. Kada ka zuƙo shi har ƙarshe, hoton zai farfashe. Ka dafe gwiwar hannu a katanga ko a kan gwiwarka, ka riƙe numfashi, ka ɗauka da yawa a jere, daga baya ka zaɓa. Idan yana ƙasa, kai ma ka durƙusa ku yi daidai. Wanda ya samu aron madubin hangen nesa, ya gwada ɗora idon wayar a kan idon madubin, zai sha mamaki. In kuma hoton ya ƙi, ɗan gajeren bidiyo ko naɗar kukan ma abin ajiyewa ne. Wata rana kuma ku bar wayar a aljihu gaba ɗaya, ku kalla da idon da Allah Ya ba ku.

Ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Kada son hoto ya kai ku ga sheƙa. Na san babu abin da ya fi 'yan tsaki masu buɗe baki jan hankali, amma ku tuna zafin watan Afrilu. Idan uwa ta tashi saboda tsoronku, ƙwai ko 'ya'yan da ta bari a rana ba su da juriya. Shirwa da hankaka da kyanwa kuma suna kallon inda kuka tsaya. Kada a hau bishiya, kada a karya reshe don sheƙa ta fito fili, kada a taɓa ƙwai, kada a haska mujiya ko yautai da fitilar waya a ido. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ba da umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Wannan ya ishe mu ma'auni. Haka nan kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. Shi yana zaton abokin hamayya ne ya shigo masa gida, sai ya bar ci, ya bar tsaron iyali, ya fito faɗa da abin da babu. Yaudara ce, ku bar ta. Kanarin da ke cikin keji kuma, ko wanda aka kama da asuta aka riƙe a hannu, hotonsa ba abin alfahari ba ne.

Bayan haƙƙin tsuntsu akwai haƙƙin mutane. Birninmu gida na jikin gida. Kai ka san hasbiyar kan zanko kake nufi, amma maigidan da ya ga waya ta leƙo ta saman katangarsa bai sani ba, kuma yana da iyali a ciki. Ku yi sallama, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nuna hoton in an nema. In an ce a'a, ku yi godiya ku wuce. Kada a shiga lambu ko gonar wani ba izini, kada a tattake kaburbura don bin tsuntsu, kada a ɗaga kyamara kusa da wurin jami'an tsaro. In za ku fita bayan gari, wajen Dutsen Kufena ko bakin Galma, ku tafi ku biyu ko uku, da sanin iyaye, da ruwan sha, ku tambayi halin da hanya take ciki, ku dawo da wuri. Kada kuma tsuntsu ya sa a rasa jam'i ko a makara makaranta.

Wurin yaɗa hoto ma akwai amana. Kada ka ɗauko na wani a intanet ka ce naka ne. Kada ka ƙara wa tsuntsu launin da Allah bai ba shi ba, ko ka ce a Zariya ka gan shi alhali ba haka ba ne. Idan ka ga sheƙar mujiya ko ta ungulu, ka sa hoton da ka ɗauka daga nesa in kana so, amma kada ka faɗi unguwa ko bishiyar. Akwai masu kashe mujiya saboda camfi, alhali ɓeraye take rage mana. Akwai kuma masu farautar ungulu don sayar da sassanta ga 'yan tsibbu.

Maganar ungulu tana da nauyi a raina. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara hamsin, zai gaya muku yadda take cika mahauta da rufin kasuwa, har ba mai ɗaga kai ya dube ta. Yau yaro zai iya gama sakandare bai taɓa ganinta ba sai a karin magana. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba, da fataucin sassanta, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, su suka taru suka yi mata wannan illa. Abin da ya fi ciwo shi ne ta tafi a hankali a kan idon kowa, don muna ganin abin da yake da yawa ba zai ƙare ba.

Saboda haka ku sayi ɗan littafin rubutu. Duk fita ku rubuta kwanan wata, da wuri, da irin bishiyar, da abin da tsuntsun ke yi. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin shamuwa a bana, da ranar ruwan farko, da ranar da shinge ya tashi tsuntsaye suka yi ta shawagi a kansa. Ku kai hotunanku wurin kakanni, da manoma, da makiyaya, da tsofaffin maharba, ku tambaye su suna. Manhajoji irin su Merlin da eBird na Jami'ar Cornell ta Amurka suna da amfani, amma sukan yi kuskure, kuma ba za su gaya muku wannan bardo ne, wancan marai ne, ko tsanwaka, ko zalaidu ba. Waɗannan sunaye a bakin tsofaffi suke, kuma tsofaffi ba dawwama za su yi ba. Kada ku raina saninsu. Sun ce hankaka mai da ɗan wani naka, sai ga shi masu bincike a nan arewa sun tarar da wani tsuntsu mai tukku da ɗige-ɗigen fari a fukafukai yana zuba ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya rena. Sun kira belbela ci da motsin wani, je ka bakin garke ka ga yadda take cafke farar da sawun saniya ya tayar.

Ku sani kuma garinku yana da suna a wannan ilimin. A shekarun 1960 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, ya rubuta bayanin tsuntsayen Zariya, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. A kwazazzaban da ke kewaye da garin nan ya yi nazarin tsuntsun nan kore mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, mai haƙa rami a gaɓar rafi. Ya gano cewa sau da yawa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai wasu da ke kama musu. Binciken ya zagaya duniya, kuma da zama da kallo da rubutu aka yi shi. A yau akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Laminga kusa da Jos, kuma tun 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An rarraba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ɗan Kwarbai ko 'yar Limancin Kona na iya sa hannu a wannan aiki daga unguwarsu. Zariya birnin ilimi ce, bai kamata baƙo ya fi ɗan gari sanin tsuntsun da ke kan bishiyar ƙofar gidansu ba.

Abu na ƙarshe, tsuntsu ba ya zama inda ba itace. Sunayen unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko sun isa shaida a kan matsayin bishiya a garin nan. Idan damina ta sauka, kowannenku ya dasa ɗaya, tsamiya ko cediya ko ɗorawa ko mangwaro, ya killace ta daga awaki, ya shayar da ita har ta kama. In kun ga ana shirin sare wata tsohuwar bishiya ba dole, ku je da ladabi wurin mai unguwa ku roƙa. Ƙannenku masu danƙo kuma kada ku tsawata musu. Ku zaunar da su kusa da ku, ku nuna musu hoton, ku bar su su riƙe wayar. Yaron da ya san sunan tsuntsu, ya ga idonsa kusa da kusa, da wuya ya sake ɗana masa dutse.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ido mai lura da zuciya mai tausayi. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya, Ya sa ku fi mu amfanar da bayinSa, masu magana da marasa magana. Amin.